Muntaka na Asawase: Daga Bulaliyar Majalisa Zuwa Ministan 'Yan Sanda

Duk wanda ya taɓa zama a bes, wato dandalin hira, a Aboabo ko Sawaba da ke Kumasi a ƙasar Ghana bayan sallar isha'i, ana jiran ataya, wato shayi, ta biyu ta nuna, ya san hirar Alhaji Mohammed Mubarak Muntaka, ɗan majalisar mazaɓar Asawase, ba ta ƙarewa cikin ruwan sanyi. Wannan zai ce ba a taɓa yin ɗan zangon da ya tsaya wa jam'iyyarsa a majalisa kamarsa ba. Wancan zai nuna kwatar da ke bayan gidansu, ya ce shekara ashirin ke nan ana zaɓen mutum ɗaya, ruwan sama kuma bai fasa shiga ɗaki ba. Na sha zama ina sauraro, na lura kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai ba a kan aiki ɗaya suke magana ba. Ɗaya yana auna shi da ma'aunin Accra, wadda mu a nan muke kira Ankara, ɗayan yana auna shi da ma'aunin lungu. Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a fara sanin wane iko ne a hannunsa a kowane lokaci.

Mazaɓar Asawase ba tsohuwa ba ce. Kafin zaɓen 2004 aka yanko ta daga Asokwa ta Gabas, aka haɗa unguwanni irin su Asawase kanta, Aboabo, Sawaba, Adukrom, Sepe da Asokore Mampong. Wanda ya fara cin kujerar ɗan jam'iyyar NDC ne, jam'iyyar su Muntaka, amma Allah ya karɓi abinsa ba da jimawa ba bayan rantsuwa. A zaɓen cike gurbi na watan Afrilun 2005 Muntaka ya shigo, yana da shekara talatin da 'yan kai. Asalin gidansu Kumbungu ne a ƙasar Dagomba, wanda ba abin mamaki ba ne a zango, inda Badagombe da Bamoshe da Bazabarme da Bayarabe duk da Hausa suke ciniki, da ita kuma suke faɗa. Daga nan ya sake ci a 2008, 2012, 2016, 2020 da 2024.

Abin da ya sa kujerar ta fi girmanta nauyi shi ne inda take. Yankin Ashanti yana da kujeru 47 a majalisa, kuma nan ne cibiyar jam'iyyar NPP, babbar abokiyar hamayyar NDC. A 2016 uku kawai NDC ta samu, a 2020 ta samu huɗu. Asawase kuwa tana cikin ƙwaryar Kumasi, maƙwabciyar Manhyia, fadar sarkin Ashanti. Duk shugaban NDC da zai yi taro a Kumasi ya san inda zai sami jama'ar da za ta cika masa fili.

Ana yawan cewa zango na NDC ne tun fil azal. Tarihi bai faɗi haka ba. A shekarun 1950 jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda zangon Kumasi ya yi ƙarfi a cikinta, tana tare ne da 'yan adawar Nkrumah, kuma gwamnatin Nkrumah ce ta kori Alhaji Amadu Baba, jigon zangon Kumasi, daga ƙasar a 1957. Abin da ya juya akalar shi ne umarnin korar baƙi na gwamnatin Busia a watan Nuwamban 1969, inda aka ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara ya fita. Akwai gidaje a Aboabo da har yau ake nuna maka a ce wane ne ya sayar da shi a wulaƙance ya hau mota. NPP, wadda take jingina kanta da gidan siyasar Busia, ta yi shekaru tana ƙoƙarin wanke wannan tabon: Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Bawumia ya biyo baya daga 2017, aka kafa asusun raya zanguna har da ma'aikata guda, aka gyara babban masallacin Kumasi aka buɗe shi a 2023. Duk da haka Asawase ba ta motsa ba. Don haka wani kaso na ƙuri'un Muntaka gado ne ya tarar, kuma duk mai gaskiya a cikin magoya bayansa zai yarda da wannan.

Farkon shigarsa gwamnati bai yi armashi ba. Marigayi shugaba Atta Mills ya naɗa shi ministan matasa da wasanni a farkon 2009, kafin watan Yuni ya ƙare ya sauka. Wasu manyan ma'aikatan ma'aikatar ne suka zarge shi da kashe kuɗin gwamnati a kan hidimar kansa, 'yan jarida suka ɗauki maganar cincinga, wato tsire, da famfas ɗin jarirai suka yi ta yayatawa. Binciken hukumar tsaron ƙasa bai tabbatar da yawancin zarge-zargen kuɗin ba, amma ya same shi da rashin taka-tsantsan a wata tafiya zuwa Jamus, ya miƙa takardar murabus, shugaban ƙasa ya karɓa. Mutane da yawa sun ɗauka siyasarsa ta zo ƙarshe. Har yau idan ɗan NPP ya rasa abin faɗa a bes, cincinga yake tayarwa.

Abin da ya raya shi shi ne wani muƙami da mutanen lungu ba su cika fahimta ba: mai tsawatarwa, ko bulaliyar majalisa. Ya riƙe shi shekara goma cur, huɗu a ɓangaren masu rinjaye daga 2013, shida a ɓangaren marasa rinjaye daga 2017. Bulaliya ba ya gina makaranta, ba ya raba kwangila. Aikinsa ƙirga kawuna ne. Shi ne ya san wane ɗan majalisa ne ya tafi jana'iza a mazaɓarsa, wane ne yake kwance a asibiti, wane ne bashi ya yi wa katutu har ɗaya ɓangaren zai iya yi masa tayi. Yana da baki a kan wanda za a saka a wane kwamiti, da wanda za a ba damar magana, da wanda zai bi tawaga zuwa ƙasar waje. Mutum ne da ya san sirrin kowa, saboda haka ana jin tsoronsa fiye da yadda ake sonsa. Wanda ya girma yana ganin yadda ake haɗa kan zumunta ranar biki, a san wanda ya biya da wanda ya maƙale, ya riga ya san rabin aikin.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma ranar wankan wannan muƙami ita ce daren 6 ga Janairun 2021, wayewar garin 7. Zaɓen 2020 ya bar majalisa kunnen doki: NPP 137, NDC 137, da ɗan indifenda ɗaya daga Fomena wanda ya ce zai zauna da NPP. A lissafi, Mike Oquaye ne zai koma kujerar kakaki. Sai dai kundin tsarin mulki ya ce a asirce ake wannan zaɓen, kuma a nan rigimar ta tsaya. 'Yan NDC suka ce 'yan NPP suna nuna wa shugabanninsu takardar bayan sun dangwala, Muntaka na kan gaba wajen cewa ba za a ci gaba a haka ba. Aka yi ta ture-ture, har sojoji suka shigo zauren majalisa da bindigogi, abin da ya ba duk mai kallo a talabijin kunya. Da gari ya waye ana ƙirga, Carlos Ahenkorah na Tema ta Yamma ya fizge takardun ƙuri'a ya ruga a guje, Muntaka ya bi shi ya cafke. Alban Bagbin na NDC ya zama kakaki a ƙarƙashin gwamnatin NPP, wanda ke nufin wani daga ɗaya ɓangaren ya yi amfani da sirrin da aka kwana ana karewa. A ganina, idan aka cire duk wani abu daga tarihinsa, wannan daren zai saura.

Bakinsa kuma ya sha ja masa. A cikin zafin wancan makon ya ce wani alƙalin kotun ƙoli ya nemi ya saye wata 'yar majalisar NDC, daga baya ya janye maganar ya nemi afuwa. Kafin nan, a 2017, shi aka zarga: Mahama Ayariga, ɗan jam'iyyarsu, ya ce an raba wa 'yan adawa na kwamitin tantance ministoci sidi 3,000 kowanne ta hannun Muntaka. Ya musanta, kwamitin Joe Ghartey ya ce babu hujja, aka sa Ayariga ya nemi gafarar majalisa.

Sai ga shi a watan Janairun 2023 jam'iyyarsa ta sauke shi da wasiƙa ɗaya. Cassiel Ato Forson ya maye gurbin Haruna Iddrisu a matsayin shugaban marasa rinjaye, Governs Agbodza ya karɓi bulala daga hannun Muntaka. Ya fito fili ya ce ba a shawarci 'yan majalisar ba, magoya baya suka yi ta kumfar baki a Tamale da nan Asawase. Masu goyon bayan sauyin suna da hujjarsu: a watan Maris na 2021, ƙarƙashin jagorancin Haruna da Muntaka, an amince da wasu ministocin shugaba Akufo-Addo na NPP ta ƙuri'ar sirri alhali 'yan jam'iyya na so a kayar da su. To amma wata biyu bayan an sauya jagorancin, a Maris na 2023, abin ya maimaita kansa: uwar jam'iyya ta ba da umarni a ƙi sababbin ministoci, aka shiga ƙuri'ar sirri, suka tsallake da taimakon wasu 'yan NDC. Sirrin da ya ba su Bagbin shi ne ya ci su. Ashe matsalar ta wuce ta mai riƙe da bulala.

A watan Mayun wannan shekarar ya sha da ƙyar a zaɓen fid da gwani, inda Masawudu Mubarick ya kwashi ƙuri'un daliget masu yawa. Wannan ya nuna inda haɗarinsa yake. A Asawase ba babban zaɓe ne abin tsoro ga ɗan NDC ba, shugabannin rassan jam'iyya ne, waɗanda kowannensu yana da ɗan da yake nema wa aiki.

Mu koma ga mai kwata. Ƙorafinsa na gaskiya ne, ko da yake ya aika shi gidan da ba nan ba. Tsarin mulkin 1992 bai ba ɗan majalisa kuɗin aikin raya gari ba. Sashe na 108 ma ya hana shi kawo ƙudirin da zai ɗora wa baitulmali nauyi ko ya ƙaƙaba haraji. Wannan sai daga ɓangaren shugaban ƙasa. Abin da yake samu ɗan kaso ne daga asusun ƙananan hukumomi da na ilimi da na inshorar lafiya, wanda yakan tafi a kuɗin makarantar 'ya'yan talakawa, da rijiyar burtsatse, da rufin aji, kuma ba ya zuwa a kan lokaci. Kwata da shara da titunan cikin unguwa na asambili ne, wato ƙaramar hukumar Asokore Mampong da aka kafa a 2012, shugabanta kuma shugaban ƙasa ne yake naɗa shi. Dubi abin da ya faru: Alidu Seidu na NPP ya faɗi a hannun Muntaka a 2016, aka naɗa shi shugaban ƙaramar hukumar a 2017, ya sake karawa da shi a 2020. Wato wanda mutane suka ƙi a akwati shi ne ya riƙe lalitar garin, wanda suka zaɓa yana Ankara yana ƙirga kawuna. Shekara takwas aka yi kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi, rafin Aboabo yana ci gaba da cika da leda.

Ban kawo wannan don in wanke shi ba. Daga 2009 zuwa 2016 jam'iyyarsa ce ke mulki, shekara huɗu daga ciki shi ne bulaliyar masu rinjaye, mutumin da kowane minista ke buƙata kafin kasafinsa ya wuce. Mai irin wannan matsayi idan ya buga waya ana ɗauka. Kuma su 'yan majalisar da kansu ne suke hawa dandamali su yi alkawarin titi da asibiti, sun san ba aikinsu ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta fuskar manufa, ba mutum ne mai dogon bayani kan tattalin arziki ba; inda jam'iyya ta tsaya nan yake tsayawa, ya tabbatar sauran sun tsaya. Haka aka yi a rigimar harajin E-Levy, wanda gwamnati ta so ta ɗora kashi 1.75 cikin ɗari a kan kuɗin da ake turawa ta waya. An ba hammata iska a zaure a watan Disamban 2021, aka zartar da shi a kashi 1.5 a ƙarshen Maris na 2022 bayan 'yan adawa sun fice, gwamnatin shugaba John Mahama ta soke shi a 2025. Ga mai sayar da goro ko hatsi da ke tura kuɗi arewa ta momo kusan kullum, wannan ba gardamar masana ba ce. Ya kuma goyi bayan ƙudirin hana auren jinsi da majalisa ta zartar a Fabrairun 2024 wanda Akufo-Addo bai sa wa hannu ba, matsayin da ba ya jawo masa asarar ƙuri'a ko ɗaya a zango.

Inda muryarsa ta kansa take fitowa shi ne abin da ya shafi Musulmi a makarantu. A azumin 2021, lokacin da makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ta hana wata ɗaliba azumi, hukumar ilimi ta ce a bar ta, cocin Methodist ya ƙi, yana cikin 'yan majalisa Musulmi da suka ɗaga murya. Tushen gardamar mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar warwarewa: coci ne ya kafa makarantar, amma gwamnati ce ke biyan malamai da harajin kowa, kwamfutar gwamnati ce kuma ke tura yara can. Sai kuma batun hutu. Tun zamanin Rawlings aka mayar da ranakun salla biyu hutun ƙasa, amma kusan kowace ƙaramar salla sai an rabu, wasu su sauko yau wasu gobe, saboda ganin wata. A 2025, yana minista, ya gabatar da gyaran dokar hutu da ya ƙara kwana ɗaya bayan ƙaramar salla. Wanda bai taɓa zuwa aiki ranar idinsa ba zai ga kamar ƙaramin abu ne.

Wannan ya kawo mu ga muƙamin da Mahama ya ba shi a Janairun 2025, ministan harkokin cikin gida, wanda 'yan sanda da gidajen yari da 'yan kwana-kwana da jami'an shige da fice suke ƙarƙashinsa. A nan nake ganin ma'aunin Ankara da na lungu sun haɗu a karon farko, domin babu wata hukumar gwamnati da ɗan zango ya fi haɗuwa da ita kamar ɗan sanda.

Ranar 17 ga Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasa bakwai a kusa da Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne da suka yi musayar wuta da su. Da sunaye suka fito aka ga 'yan unguwa ne da kowa ya sani. Asawase ta kama da wuta, aka ƙona tayoyi, shugabannin zango da malamai suka yi ta ba matasa baki. Muntaka, yana ɗan adawa a lokacin, ya tsaya a kan sai an yi bincike mai zaman kansa. Kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin mai shari'a Obeng Diawuo ya ce babu hujjar cewa 'yan fashi ne. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida sidi 250,000. Abin da iyaye suka fi nema, wato su ga an tsayar da wani a gaban alƙali, shi ne har yau ake tambaya a bes: ina aka kwana? Bayan wannan aka yi na Ejura a 2021, inda jami'an tsaro suka harbe masu zanga-zanga biyu, aka yi na makarantar sakandaren Musulunci ta Kumasi a Yunin 2022, inda 'yan sanda suka watsa wa ɗalibai hayaƙi mai sa hawaye aka kwashi da yawa zuwa asibiti. A duk waɗannan lokuta shi ne yake tsaye yana tambaya, wani minista yana amsawa.

A yi masa adalci, minista ba sufeto janar ba ne. Shugaban ƙasa ne ke naɗa sufeton 'yan sanda, kamar yadda Mahama ya sauke George Akuffo Dampare ya ɗora Christian Tetteh Yohuno a Maris na 2025. Majalisar kula da 'yan sanda mataimakin shugaban ƙasa ne ke jagorantarta, minista mamba ne kawai. Gurfanarwa kuma aikin antoni janar ne. Sannan teburinsa cike yake: rikicin sarautar Bawku, wanda shi ne ke sa hannu a kan dokar hana fitar dare a can yayin da sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya yi ta zaman sulhu a Manhyia, ga iyakar arewa da Burkina Faso, ga bindigogin da suka yi yawa a hannun mutane, ga ƙwayoyin da ke cin yaranmu a lungu.

Amma akwai abubuwan da ba ya buƙatar izinin kowa a kansu. Shi ne zai tsaya a majalisa ya kare kasafin 'yan sanda. Shi ne zai iya kawo ƙudirin kafa hukumar karɓar ƙorafi kan 'yan sanda wadda ba 'yan sanda ne ke riƙe da ita ba, abin da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka daɗe suna nema, kuma yanzu sashe na 108 ba zai tare shi ba, tunda daga ɓangaren gwamnati yake, jam'iyyarsa kuma na da rinjaye mai yawa a cikin kujeru 276. Shi ne zai iya sa a duba yadda jami'in shige da fice a shingen hanya yake sauke mai suna Abdullahi ko Fusaini daga mota ya tambaye shi garinsu, alhali kakansa a Kumasi aka binne shi. Na taɓa tsayawa a irin wannan layin a bakin titi, katin Ghana a hannuna, ana tambayata me ya sa ba na jin wani yare sai Hausa da Tuwi. Direban bai jira mu ba.

Wani dattijo da muke salla sahu ɗaya, wanda ya zaɓe shi sau shida, ya ce mini shi ba ya son komai daga Onarabul, ba kuɗin magani, ba aikin ɗan sanda ga jikansa. Ya ce in dai ya zo idi za su gaisa, zai riƙe hannunsa ya tambaye shi fayil ɗin yaran nan bakwai, tunda yanzu mabuɗin ofishin yana aljihunsa.